Ranar da Kisten Bai Juya Ba

Duk wanda ya taɓa sa kwale-kwale a ruwa a Park Rynie, can bakin teku kudu da Durban, ya san jar hular Kisten Marimuthu. Hula ce ta saƙa, mummuna, wadda matarsa Ambigay kan sake saƙa masa irinta duk lokacin da gishiri ya cinye ta bara. Ba don kwalliya yake sa ta ba, Kisten da kwalliya ko a mafarki ba su taɓa haɗuwa ba. Don a hango shi daga nesa ne. Mu haka muka taso muka tarar: in kana can bayan igiyar ruwa kana fatsa, ido ɗaya yana kan zarenka, ɗaya yana kan jar hula. Muddin tana zaune, kai ma zauna abinka. Da zarar ka ga ta juya ta fuskanci gaɓa, to ko sarkin kifi ne a ƙugiyarka, yanke zare ka bi bayanta.

Dalili kuwa iskar kudu ce, wadda ba ta san sallama ba. Sai ka ga gari garau, teku ta kwanta luf, kana zufa kana addu'ar a ɗan samu iska. Kafin ka shanye kofin shayi ta iso, ruwa ya yi fari fat, wanda bai kai gaɓa ba sai dai Allah ya kyauta. Samari suna da wayoyinsu masu faɗin yadda gari zai kasance, kuma sau da yawa sukan dace. Amma waya takan ce da yamma, iskar ta zo da hantsi. Kisten kuwa bai taɓa kuskure ba, shi ya sa magidanta da yawa suka ɗora rayukansu a kan hular nan ba tare da sun tsaya sun yi tunanin nauyin abin da suka ɗora ba.

In an tambaye shi sirrin, sai ya daki ƙugunsa.

"Nan ne kunnena," in ji shi. "Ku kuna kallon sama kamar masu jiran wata. Kafin ta iso takan aiko ɗan saƙo ta ƙasa, wata doguwar igiya mai sanyin tafiya da ke ratsa sauran. Ido ba ya ganin ta. Sai dai Allura ta ɗaga mini ƙugun dama, ta ajiye, ta sake ɗagawa. In ta yi haka, na gama zama."

Allura shi ne kwale-kwalensa, mu muka sa masa sunan saboda sirantarsa. Faɗinsa da kyar ya wuce mazaunin mai shi. Wani in ya hau, kafin ya gyara zama ya sha ruwan gishiri. Kisten ya saye shi ne a fashe daga hannun wani bature tun yana aiki a injin sukari, ya yi ta liƙa shi a bayan gida yana shan faɗan Ambigay saboda warin gam.

Batamile ne, jikan 'yan ƙwadagon da aka kawo daga ƙetaren teku. A barikin leburori aka haife shi, cikin gonakin rake, inda ubansa ya ƙare ƙarfinsa da adda. Da gora ya fara fatsa a kan duwatsu, a zamanin wariyar launin fata, lokacin da mai irin fatarsa ba ya taka wannan yashi sai a sace, da asuba, ta bakin kogi. A injin sukari ya yi rayuwarsa gaban tukunyar wuta, kuma a nan ya gamu da Shezi, wani dogon Bazule daga tudun Amandawe, mai murya kamar ganga da bakin da ba ya hutawa. Kisten ne ya koya masa riƙon filafili mai baki biyu. Shezi ya sha kifewa har ya gaji da ƙirga, daga baya ya ƙware, ya sayi nasa siririn kwale-kwale ruwan ɗorawa. Suka yi ritaya a shekara guda. Tun daga nan ba ka ganin ɗaya babu ɗaya, suna tafe suna zagin juna, ranar Lahadi kuma Shezi yana zaune a barandar Ambigay yana sharce gumi a kan miyar kifi mai tsamiya, yana cewa barkonon Tamilawa ne zai yi ajalinsa.

"Ni me zan yi da waya?" haka yakan ce wa samari. "Ɗuwawun tsohon nan su ne rediyona. Ba caji, ba kati."

Ko a watan da Tamilawa ke ƙaurace wa nama da kifi, lokacin da Kisten kan jingine Allura ya zauna a gida, Shezi ba ya nisa. Yakan yi ta kewaya kusa da gaɓa yana gunaguni, wai addinin wani ya hana shi cin abinci.

To, tsufa ba ya neman izini. Gwiwa ce ta fara, sannan hannu ya rage ƙarfi. Kifewa ba abin kunya ba ne a sana'ar nan, kowa yana kifewa, abin da ake dubawa shi ne yadda ka koma sama. Da can Kisten kan faɗa ruwa ya hau kafin hularsa ta jiƙe. Sai ga shi wata rana wani kuta, kifin nan dogo mai haƙora, ya fizge shi ta gefe, ya faɗa, ya yi ta kokawa da Allura ya kasa hawa. Ya ɗora ƙirji ya sulɓe, ya sake ɗorawa ya sulɓe. Shezi ne ya iso ya cafki wuyan rigar cetonsa ya ɗora shi kamar buhu. Ranar Shezi bai yi masa tsiya ko ɗaya ba, kuma wannan shirun ya fi zagi ciwo a wurin Kisten.

Ba a rufa wata biyu ba aka sake, wannan karon a idon jama'a. Labari ya riga shi isa gida. Ya tarar da Ambigay a tsaye bakin ƙofa, ta riga ta kira 'yarsu Vanitha, wadda ke aikin jinya a Durban.

"Baban Vanitha, zauna," in ji ta. Ita ba ta kiran sunansa, ko cikin fushi. "Shekara nawa ina tsayawa a tagar nan ina ƙirga kwale-kwale? Ban taɓa ce maka kada ka je ba. Yau zan ce."

"Ƙafata ce ta zame."

"Ƙafarka ta zame a zaune? Ka raina mini hankali."

Vanitha ce ta kawo sulhu a ƙarshen mako. Ta ce akwai sabon samfuri, dogo mai faɗi, wanda mutum zai iya juyawa a kai ya ɗauko abu a bayansa bai motsa ba. In ma ka faɗa, hawansa kamar hawa dakali ne.

"Appa, zaɓi biyu ne," ta ce wa uban nata. "Ko wannan, ko ka zauna ka taya Mama tsinke ganyen kori na miya. Allura dai an gama."

Kisten ya dubi matarsa, ya dubi 'yarsa, ya ga babu ƙofa. Ya yi alkawari. Shi kuwa mutum ne da in ya ce e, to e ɗin ce.

Ranar da mijin Vanitha ya kawo sabon a kan a-kori-kura, unguwa ta fito kallo. Fari ne sol, ga faɗi, ga wurin zama mai majingina, ga rumbun kifi da yaro zai kwanta a ciki. Ambigay ta fasa kwakwa a gabansa, ta kunna kafur ta zagaya shi, ta shafa masa kurkum a goshi, ta sa lemon tsami a ƙarƙashinsa aka ja shi a kai har suka fashe. Shezi yana gefe ya harɗe hannu.

"Wannan ai ba jirgi ba ne, katifa ce," ya ce. "Saura filo da bargo. Tsoho, in ka yi barci ka tashi a Madagaska, ka gaishe su."

"Kai dai baƙin ciki kake yi, dogon banza."

"Baƙin ciki? Ni da zan riƙa ɗaukar rabin wannan gawar kullum zuwa bakin ruwa?"

Sunan ya bi shi, Katifa. Kuma gaskiya dole a faɗe ta, Kisten ya ji daɗinsa, har yana jin kunyar irin daɗin da yake ji. Ya zauna ruwa awa da awanni bayansa bai yi ciwo ba. Ya zuba shayi daga fulas bai zubar da ɗigo ba. Ya ja wani kuta da ya kusa kai tsawonsa, ya ɗora shi a cinya ya buɗe rumbu ya zura, Katifa ko gezau. Ambigay ta rage tsayuwa a taga. Da ya dawo gida sai ya rufe Allura da tamfol a ƙarƙashin mangwaro, yana kauce wa kallon wurin.

Sai da aka kwana biyu ya gane abin da ya rasa. Wata safiya yana zaune hankali kwance, ya ɗaga kai haka kawai, sai ya hango wani baƙin layi a kan ruwa can kudu. Iska ce, ta riga ta taso, kuma ƙugunsa bai gaya masa komai ba. Ya juya a gigice, kowa ya bi shi, suka fito da kyar yashi yana dukan fuskokinsu. A gaɓa samari suka yi ta jinjina masa.

"Kawu Kisten ba ya tsufa. Kun ga yadda ya auna ta daidai?"

Ya yi murmushin yaƙe. Ya gane Katifa ba ta jin ɗan saƙon nan. Faɗin da ke hana ta kifewa shi ne yake shanye motsin kafin ya kai jikinsa. Ya gwada cire majinginar, ya gwada zama a kan roba tsura, ya gwada sa ƙafafu cikin ruwa ta gefe biyu. Shiru. Kunnen da ya yi shekaru yana taƙama da shi ya toshe.

Abin da ya kamata ya yi a bayyane yake, kuma ni har yau in na tuna raina yana ɓaci. Ya tara mu a bakin ruwa ya ce, jama'a, kada wanda ya ƙara kallon hulata. Magana ɗaya ce. Amma in ya faɗa, Ambigay za ta ji, ta ce to zaman me kake yi a ruwan da ba ka jin sa? Komawa Allura kuma karya alkawari ne. Ban da wannan ma, mutumin da duk gaɓar nan ke duba kansa kafin su yi motsi, ya dawo tsoho kawai a kan katifa? Girman kai rawanin tsiya, in ji masu magana. Sai ya ɓullo da wata dabara. Kullum da yamma ya kira Vanitha, bayan gaisuwa ya ce, "Af, me wayar taki ta ce game da gobe? Don in yi dariya ne." Ita ta karanta masa, shi ya riƙe a ransa. Mu muna kallon hula, hula tana kallon waya, babu wanda ya sani.

Ranar da abin ya faru tsakiyar lokacin kuta ce, ana zafi tun da safe. Vanitha ta ce masa iska sai bayan la'asar. Samari suka yi fatsa kusa-kusa suka fita da wuri saboda aiki. Kisten da Shezi, da ba su da mai jiran su sai matansu, suka miƙa can ciki kan duwatsun ƙarƙashin ruwa, inda gidajen gari ke komawa ƙanana. Kowannensu ya samu kifi. Da hantsi ya ɗaga sai 'yar iskar da ke kaɗawa ta ɗauke ɗif.

Kisten yana zuba shayi Shezi ya matso, ya dafa gefen Katifa da filafili. Babu wasa a fuskarsa.

"Tsoho, ba ka ji komai ba?"

"Kamar me?"

"Ban sani ba. Kamar wani abu yana ɗaga ni ta nan." Ya dafa ƙugunsa na dama. "Ya ɗaga, ya ajiye. Ko dai ni ne?"

Kisten ya saurari jikinsa. Babu komai. Ya dubi kudu, sama wasai. Zuciyarsa ta ce masa, gaya masa yanzu, ka ce Shezi na kurmance, abin da ka ji shi ne gaskiya. Sai wata zuciyar ta ce, waya ta ce la'asar, kuma yaushe Shezi ya fara jin ruwa? Wanda kai ka koya wa riƙon filafili?

"Waken jiya ne ke juya maka ciki," ya ce. "Je ka kama kifi."

Shezi ya dube shi, sannan ya yi dariya, dariyar mutumin da aka sauke wa kaya.

"To, tunda rediyo ya ce lafiya, lafiya ce."

Ya tura kwale-kwalensa ya koma wurinsa, ɗan nesa ta wajen teku, ya sake jefa zare.

Kisten bai ƙarasa shayin ba ya ga baƙin layin. Wannan karon ya fi kusa, yana gudu, bayansa fari. Ya yanke zare, ya ɗaga filafili sama yana ƙwala wa Shezi kira, ya juya. Ya ga Shezi ma ya juya nan take, kamar yadda ya saba. Amma sun makara. Iskar ta same su da nisa, ta tsaya a kan ruwan da ke gangarowa daga arewa, igiyoyi suka miƙe tsaye suna karyewa ta ko'ina.

Katifa ba ta kife ba. An buga ta ta gefe, an cika ta da kumfa, an ɗaga ta an maka, tana nan daram. Da ya waiwaya sai ya ga cikin kwale-kwale ruwan ɗorawa yana kallon sama, iska tana mirgina shi, ga kan Shezi can baya yana iyo yana bin sa, tazara tana ƙaruwa. Kisten ya sa filafili zai juya ya koma. A nan ya ga ɗaya fuskar Katifa. Tsayinta da faɗinta suka zama tanti, iska ta kama ta ta ƙi barin hancinta ya fuskanci kudu. Ya ja har wani abu ya tsinke a kafaɗarsa. Ya juyo ta rabi, igiya ta mayar da shi. Ya sake, ta sake. Yana gani kan Shezi yana ɓacewa yana ɓullowa, hannu ɗaya a sama, har ya zamana in igiya ta ɗaga shi ba ya ganin komai sai farin ruwa. Ya yi ta kiran sunansa har murya ta tafi.

Can wajen Scottburgh, garin da ke gaba ta arewa, teku ta tofo shi, da ransa, ko ƙwarzane babu ban da kafaɗar. Masu ceto suka fita da jirgin inji suka yi ta nema har duhu ya hana su. Washegari aka tsinci kwale-kwalen. Shezi kuwa sai bayan kwanaki ruwa ya kawo shi bakin kogi.

Mutane suka yi ta zuwa yi wa Kisten jaje, kowa da abin da yake faɗa. Tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Wannan iska ko kai ba za ka ji ta ba. Da ba don sabon jirgin nan ba da gawa biyu za a ɗauka. Shi dai yana zaune a baranda, a kujerar da ke kallon wadda Shezi kan zauna. Ya cusa jar hular a bayan buhun shinkafa. Da Ambigay ta kawo masa abinci ya ƙi taɓawa, sai ta zauna a gabansa ta ƙi tashi. A nan ya gaya mata duka, tun daga baƙin layin farko har zuwa maganar wake.

Hawaye yana zubo mata, ba ta share ba.

"Ni na sa ka hau shi," ta ce.

"Ke kin sa ni hawa. Ba ke kika sa ni yin shiru ba."

"Ba za ka ƙara shiga ruwan nan ba, Baban Vanitha."

"Ba zan ƙara ba."

Ana jibi jana'iza, da sassafe, wani tsoho ya yi sallama a ƙofarsu. Zibuse ne, yayan Shezi, sanye da baƙar kwat duk da zafi, a hannunsa ɗan reshen magaryar kura. Kisten ya san ma'anar reshen, duk wanda ya zauna da Zulu ya sani. In mutum ya mutu a waje, sai a je daidai inda ransa ya fita da reshen nan, a kira shi, a ɗauko shi, a yi ta yi masa magana a hanya har a kai shi gida. In ba haka ba sai ya yi ta gararamba a inda ya faɗi, bai san hanyar gida ba.

"Gangar jikin tana hannunmu," in ji Zibuse bayan sun gaisa. "Amma shi yana can ciki. Masu jirgin inji sun ce za su kai ni, sai dai ba su san wurin ba, sun ce ruwa duk ɗaya ne. Ni kuma ban iya ruwa ba, ban san inda zan nuna ba. An ce kai kana wurin."

Kisten ya sunkuyar da kai. Da ya ɗago sai ya faɗa masa abin da bai faɗa wa kowa ba sai matarsa.

"Baba, kafin ka ba ni wannan aiki, ka san wanda kake ba wa. Ƙanenka ya ji iskar nan tana zuwa. Ya zo ya tambaye ni. Ni na ce masa babu komai, alhali na san na daina ji. Da bai yarda da ni ba da yana gida."

Zibuse ya daɗe yana kallon sa, kallon da ba na yafiya ba, ba kuma na zagi ba. Muƙamuƙinsa yana motsi.

"Wannan tsakaninka da shi ne, ni ba zan ce maka ba komai ba, don da komai," ya ce. "Amma tun yana saurayi in an ce ya dawo gida sai ya ce sai Kisten ya juya. Ko na je ba zai biyo ni ba. Kai yake jira." Ya miƙa reshen. "In ka ɗauko shi kada ka yi magana da kowa sai shi. Duk abin da kuka wuce ka gaya masa. Kada ka waiwaya."

Kisten ya dubi Ambigay, wadda ke tsaye a ƙofar kicin ta ji komai. Bai roƙe ta ba. Ta shige ciki, ya ji tana jan buhu. Ta fito da jar hular, ta kakkaɓe ta a cinyarta, ta miƙa masa.

"Ba zai gane ka daga nesa ba in babu ita," ta ce.

Mu muka ɗaukar masa Katifa zuwa bakin ruwa ranar, mu huɗu, aikin da shi da Shezi kan yi su biyu, Shezi yana mita. Teku ta kwanta kamar ba ita ba. Dangin Shezi suna tsaye a kan yashi, matarsa a zaune a tabarma an lulluɓe ta da bargo. Wasu samari suka ce za su raka shi, ya ce su tsaya a bayan igiya, kada su wuce nan. Ya soke reshen a gaban wurin zamansa ya tura.

Da kafaɗa ɗaya da rabi ya yi tuƙin, a hankali. Ya daidaita hasumiyar ruwa ta gari da tsagin tudu, kamar yadda suka saba gane wurin, har ya iso kan duwatsun. Ya ajiye filafili. Babu komai a wurin sai ruwa mai duhu da wani tsuntsu da ke shawagi. Ya zare reshen, ƙayar ta soke shi a yatsa, ya tsoma shi cikin ruwa ta gefen dama. Da ya buɗe baki sai ya rasa irin maganar da ake yi, shi ba Bazule ba, bai san kalmomin ba. Sai ya yi irin wadda suka saba.

"Shezi. Kai, dogon banza. Ni ne." Ya sunkuya kusa da ruwan. "Abin da ka ji gaskiya ne. Ba wake ba ne. Ka ji ta sarai, ka fi ni ji, ni ne na yi maka ƙarya don kada a ce na tsufa. Ka ji ko? To. Yayanka yana gaɓa, da matarka, duk sun zo. Naɗe zarenka haka nan."

Ya ɗago reshen yana ɗiga, ya kwantar da shi a cinyarsa. Ya sa filafili ya karkato hancin Katifa har ta fuskanci gari.

"Ga shi na juya," ya ce. "Biyo ni."

Daga gaɓa mun ga jar hular ta juya, sai wasu cikinmu suka fara kuka, manya da gemu. Ya taho a hankali, bakinsa yana motsi. Samarin da ke bayan igiya sun ce da ya wuce su ko kallon su bai yi ba, sun dai ji yana cewa, ga yaran nan mun wuce su, ga dutsen da ka fasa hancin jirginka a kai, yi hankali igiya tana tafe ta baya, riƙe da kyau. Ya fito kan yashi, ya taka da ƙafarsa har gaban Zibuse, ya ce, "Ga yayanka, na kawo ka," sannan ya miƙa reshen da hannu biyu. Zibuse ya karɓa ya juya ya nufi mota yana magana ƙasa-ƙasa. A motar an bar kujera guda babu kowa, ta Shezi.

Kisten ya tsaya har motar ta hau titi. Sannan ya cire hular, ya juyo gare mu, ya gaya mana abin da ya kamata ya gaya mana tun watannin baya, bai rage komai ba. Ya ce wanda yake son Katifa ya ɗauka, jirgi ne mai kyau, babu laifinsa, amma duk wanda ya hau ya sani ba ya ji.

Yana nan da ransa, ya tsufa ƙwarai. Da safe yakan sauko bakin ruwa ya taya mutane ɗaukar kwale-kwale da hannunsa mai lafiya, kansa a buɗe. In baƙon yaro ya tambaye shi, Kawu, yaya ka ga ruwan yau, sai ya ce, "Kai me ka ji?" Ya tsaya ya saurari amsar har ƙarshe. Ambigay ba ta sake saƙa jar hula ba.